Jirgin Abdulgani Da Man Keken Ɗinki

Duk zuri'ar Malam Ja'afar na Reluwe, a Sabon Garin Zariya, ba a haifi mai hannu irin na Abdulgani ba. In ya taɓa rediyo sai ta kama tari, in ya hau keken aro sai ya dawo da shi a kafaɗa. Taubasansa sun rantse ranar sunansa ma wuƙar yankan rago karyewa ta yi, don kawai an gitta da jaririn ta kusa da ita.

Uban kuwa makanikin jirgin ƙasa ne, irin waɗanda ke kara kunne a jikin kan jirgi su faɗi ciwonsa. Magani ɗaya ya sani a duniya. "Inji ba ya kuka sai da ƙishi," in ji shi. Ƙofa ta yi ƙara, mai. Gwiwa ta yi ƙara, mai.

Abdulgani ɗan fari ne, don haka uban bai taɓa kama sunansa ba. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma ta Malam Ja'afar har da gyara. In yaron na nan, "kai". In ba ya nan, "wancan". Ƙaninsa Alkasim ko buta ya cika sai ya ji "madalla", shi kuwa ko rijiya ya haƙa sai a tambaye shi ina murfin. Haka ya girma da buri ɗaya tal, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero: tsohon nan ya buɗe baki sau ɗaya ya ce masa ya iya.

Da wannan burin ya tafi Kuala Lumpur karatun injiniya. Karatu ya dube shi, ya dubi karatu, suka rabu ba baram-baram. Sai ya zama dillalin ɗalibai a unguwar Pantai Dalam. Kana son kilishi, daddawa, kuka ko yaji, Abdulgani. Kana neman ɗaki, Abdulgani. Matarka na son mayafi a kasuwar Masjid India, shi zai yi gaba da leda yana ciniki da Malayancin da ko Malayawa sai sun nemi tafinta. Ya auri Saudatu mai ɗinki, ya yi tumbi, ya yi sanƙo, waya ɗaya a kunne ɗaya a aljihu. A gida dai yana nan a "wancan".

Gab da zuwan korona, ya kai wa wani saƙo a wani katafaren kanti a Bukit Bintang, sai ya ga shagon wani tsoho ɗan Sin, Mista Lim, mai sayar da jiragen ƙasa na wasa, ba na yara ba, na ƙattan da hankali ya yi wa yawa. A ciki akwai wani koren kan jirgi, tsawon tafin hannu, sak irin wanda Malam Ja'afar ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashinsa. Yana da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki kamar farce, da na'urar hannu ake ba shi umarni. Abdulgani ya saya har da layin dogo, wai tsarabar Sallah.

Sai aka rufe duniya. Ba jirgin sama, ba fita sai mutum ɗaya ya je kedai, wato kanti, ya dawo. A Zariya kuma ciwon suga ya kwantar da tsoho, ya cinye masa ido, sai kunnen nan nasa da ya rage. Abdulgani ya ture kujeru, ya shimfiɗa layin dogo a tsakar falo, ya ce in tsaraba ba ta je ba, to a ji muryarta.

Da la'asar ɗinsu, hantsin Zariya ke nan, ya kira ƙanwarsa Hureira ta bidiyo, ta kara wa tsoho wayar. Ya murɗa na'ura. Jirgi ya motsa a hankali, yana wani irin ƙugi, zzzz, har cikin haƙori.

"Hureira," in ji tsoho, "sauro ne a ɗakin wancan?"

"Baba, jirgi ne. Irin naka."

"Nawa bai taɓa kukan sauro ba. Kai, ƙishi yake ji. Ba shi mai."

Baƙin mai babu, sai man keken ɗinkin Saudatu. Ya ɗiga wa ƙafafu. Kashegari ƙugi na nan. Tsoho ya ce a ƙara. Aka ƙara. Kafin mako ya zagayo layin dogo ya yi santsin da ƙadangare ma sai ya faɗi, jirgi na juya ƙafa a wuri ɗaya kamar ɗan bashi. Saudatu ta zame a kai da farantin shinkafa.

"Maigida," ta ce daga ƙasa, "ni dai ban san da jariri a gidan nan ba. Kullum a shafa masa mai, kullum kuka. Saura tuwon suna."

Amma fa Abdulgani bai taɓa jin daɗin duniya irin na kwanakin nan ba. Tunda aka haife shi uban bai taɓa yi masa magana kwana biyu a jere ba. Yanzu kullum hantsi tsoho ke cewa, "Kira wancan, mu ji mara lafiya."

Ranar da ƙugi ya fara haɗuwa da ƙauri, ya ji tsoro ya kira Mista Lim, wanda shi ma ke kulle a gida. Mista Lim ya leƙo fuska a waya, ya ga jirgi na sheƙi kamar ƙosai.

"Soya shi za ka yi, lah?"

Ya sa shi ya buɗe murfin, ya goge ƙafafu da layi tas, ya zaro zaren ɗinkin da ya naɗe a haƙoran giya. Sannan ya ce wannan kuka ba na ƙishi ba ne. 'Yar ƙwaƙwalwar ce ke tura wa motar, wato ɗan injin da ke juya ƙafafun, wuta guntu-guntu, a hankali, shi ya sa take karkarwa. A shiga na'urar hannu a canza lambobi, wutar ta riƙa zuwa da sauri yadda kunne ba zai ji ba, a kuma rage mata yawan gyara gudu.

"Zai daina?"

"Boleh, zai daina. Amma ka ji ni: mai ɗigo ɗaya a bakin allura, a kan giya kawai. Cikin motar, ko da wasa. In ya shiga, ta mutu, ƙila ta tafi da ƙwaƙwalwar."

Abdulgani ya yini yana danne-danne, gumi har sanƙo. Sai ga jirgi ya tashi sumul, ba ka jin komai sai ɗan ƙas-ƙas na ƙafa a kan gaɓar layi. Karon farko a tarihi, abu ya shiga hannun Abdulgani da ciwo ya fito da lafiya. Ya yi wanka, ya sa hula, ya kira gida.

Tsoho ya kasa kunne. Jirgi ya zagaya, ya sake zagayawa. Fuskar nan ta fara saki.

"Uhm. Wannan tafiyar jirgi ce. Me ka yi masa?"

Ga ƙofa a buɗe. Amma wane ɗa ne zai dubi ubansa a gadon ciwo, gaban ƙanwarsa, ya ce maganinka ne ya kusa kashe shi, wani tsoho a Bukit Bintang ya fi ka sani? Abdulgani ya sunkuyar da kai.

"Man da ka ce ne, Baba."

"Ka gani. Daga kwance na gyara shi. To kar a bar shi da rabin ƙoshi. Buɗe shi, ka ba motar kanta, a ciki. Hureira, zuba ido ki gaya min in ya zuba."

Saudatu na bakin kicin tana girgiza kai. Abdulgani ya ɗauki kwalbar. Ya san abin da zai faru sarai, sanin da bai taɓa yi wa komai ba. Ya buɗe baki, "Baba, ai..." Tsoho ya ce, "Ai me?" Sai ya matsa kwalbar.

Jirgi ya yi rabin zagaye, ya yi atishawa, ya saki ɗan siririn hayaƙi kamar turaren tsinke, ya tsaya.

"Baba, hayaƙi yake," in ji Hureira.

Tsoho ya juya fuska bango.

"Mai bai taɓa kashe inji ba. Hannu ne. Kashe wayar nan kar ita ma ya ƙona ta daga can."

Bai sake cewa a kira wancan ba. Kafin Mista Lim ya samo sabuwar mota, Malam Ja'afar ya rasu, aka binne shi Abdulgani na kallo ta waya, hoton na tsinkewa. Bayan sadakar uku ya daure ya tambayi Hureira ko tsoho ya ambace shi.

"Ya ambace ka, Yaya. Ya ce akwatin sifanoninsa a ba Alkasim, ko ka roƙa kar a ba ka."

Sabuwar motar ta iso, tana nan cikin ledarta a durowa. Koren jirgin yana kan talabijin, Saudatu ta shimfiɗa masa tsumma don har yau yana zubar da mai. Abdulgani ya koma kilishinsa da daddawarsa. Taubasansa kuwa, waɗanda Hureira ta ba labari da gishiri, sun naɗa shi Direba. Duk Sallah in ya kira gida, kafin ya gama sallama, sai a haɗa baki a yi masa zzzz. Yakan yi dariya, don wasan taubashi ba a fushi da shi.