Mairo Rediyo da Waƙar Turmi

A bakin Innarmu na fara jin sunan. Duk sanda na cika gida da waƙa ina wanke-wanke, sai ta ce, "To, Mairo Rediyo, a rage murya." Sai da na girma na gane mutum ce, ƙanwar kakanmu, mai fura a wani lungu a unguwar Kwarbai. Ba ta ɗaga taɓarya sai da waƙa, kuma waƙar ɗaya ce, tata ta kanta, kullum tana ƙara mata baiti.

Jikanta Inuwa mawaƙin fim ne. Ya ɗauki waƙar nan ya sa mata kiɗa a wani fim, har ta shiga gasar cin kofin sabuwar waƙa ta shekara. Dokar gasar ita ce sai waƙar da aka tsara domin fim ɗin. Wani abokin takara ya kai ƙara, wai tun yana firamare yake jin ta idan an aike shi sayen fura.

Kwamitin gasar ya turo mutum biyu gidan Gwaggo Mairo, yadda duk dangi ke kiranta. Ina wurin, ni na shimfiɗa musu tabarma. Inuwa ya roƙe ta kada ta yi dogon bayani.

Babbansu ya ce, "Hajiya, yaushe kika yi waƙar nan?"

"Yau da safe."

Inuwa ya washe baki. Mutumin ya fara rubutu.

"Jiya ma na yi ta," in ji Gwaggo. "Ai tun goyon uban wannan nake yin ta."

Inuwa ya dafe kai. "Haba Gwaggo! Kin kashe ni!"

"Kai maigida, tambayata aka yi. In ce ban yi ba? Malam, a dama muku?"

Suka sha fura kofi bibbiyu, suka cire waƙar daga gasa. Kwana uku Inuwa bai leƙo ba. Ran na huɗu ya zo da fim ɗin a waya, ya nuna mata an ƙara sunanta a ƙarshe. Ta sa na karanta mata sau uku. Washegari shi ma ya shiga waƙar, baiti guda, kan mijin da ya yi yaji don kofin da ba a shan fura da shi.

Ranar ta ce da ni, "Radiya, ki rubuta ta a littafin nan naki, da sunana. Amma ki bar fili a ƙasa, ban gama ba."