Mai Neman 'Yata Ya Yi Mana Fassara

A gidanmu ba a kallon fim shiru. Tun ina saurayi, lokacin da muke cika benci a gidan kallo na Sintali, haka muka saba: idan mugu ya ɓuya a bayan ƙofa sai mu gaya wa mai shigowa, idan bai ji ba mu zage shi. Fim ɗin Turanci kuwa sai an samu wanda ya yi makaranta ya zauna kusa da talabijin yana juya mana maganar zuwa Hausa. Har yau haka muke yi a gidana a Mayo Gwoi. Ni kafinta ne, kuma sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya na cocinmu. Yanzu ina karanta Hausa, ina rubuta ta a hankali, amma Turancin fim gudu yake yi, ba na kamo shi.

A Kirsimetin da nake ba da labari akwai magana a kaina. Wani saurayi ma'aikacin gwamnati yana neman babbar 'yata, wadda take aikin nas. Manyansa sun riga sun zo gaisuwa, sun ce za su dawo kafin sabuwar shekara su ji amsata don a sa rana. Ban ga laifin yaron ba. Yana durƙusawa ya gaishe ni, ba ya sha, ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba. Da na tambayi 'yata sai ta ce, "Yadda ka gani, Baba." Wannan amsa ba ta kwanta mini ba, don yarinyar ba ta taɓa barin wani ya zaɓa mata ko takalmi ba.

Ranar bikin, bayan mun dawo daga coci mun ci shinkafa da naman akuya, muka zauna a falo. Akwai matata, da ƙanena direban tifa wanda yara ke kira Bappa, da yayar matata, shugaba a zumuntar mata ta coci, wadda kowa ke ce wa Mama Babba. Saurayin ya kawo gaisuwar biki, ya zauna a kujerar roba kusa da ƙofa. Babu wuta, aka tayar da janareto. 'Yata ta kori ƙananan yara waje, ta soka filash a talabijin, ta ce fim ɗin Kirsimeti ne.

"Akwai faɗa?" in ji ƙanena.

"Akwai, Bappa. Har da gatari."

Ita ce take yi mana fassara kullum. Ran nan sai ta taɓa wuyanta ta ce waƙar coci ta dushe mata murya, ta nuna saurayin da haɓa ta ce bari shi ya yi. Ya ce, "Ni? A gaban Mama?" Aka yi dariya, aka ja masa kujera kusa da talabijin. Ni ban yi dariya sosai ba. Muryar da ta kori yara da ita yanzun nan, har maƙwabta sun ji ta.

Ba a daɗe da farawa ba ƙanena ya buga cinya. "Yaya, ai mun san wannan! Ba shi muka kalla a kaset ba?" Shi ne kuwa, amma an sake yin sa da sababbin mutane. Wani otal ne a kan dutse a ƙasar sanyi, ƙanƙara ta rufe hanya a lokacin Kirsimeti, 'yan mata ma'aikata sun maƙale a ciki, wani sanye da jar rigar Baba Kirsimeti yana bin su da gatari. A na da, 'yan matan ihu kawai suke yi suna faɗuwa, ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, har ɗan sanda ya zo ya ceci wadda ta rage. Ƙanena ya gyara zama yana gaya wa kowa wadda za ta fara mutuwa.

Da farko fassarar ta tafi daidai. Yaron ya iya, har muryar tsohuwar kuku ta otal yana kwaikwayo, Mama Babba tana dariya tana cewa ya yi kyau da aikin fasto. Sai aka zo wurin da babu shi a na da. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta shiga ofishin manaja, hannun rigarta a yage. Ta yi magana mai tsawo, tana kuka, tana nuna wuyanta. Muka juya ga mai fassara.

"Ta ce ɗan manaja ya ɓata mata rai," in ji shi.

Manajan ya buɗe baki ya faɗi 'yan kalmomi, ya nuna mata ƙofa. A nan kuma fassara ta yi tsawo. "Ya ce ta yi haƙuri, lokacin biki ne, baƙi sun cika otal, kada ta ɓata sunan yaro mai gaba a rayuwa, za a duba maganar bayan hutu."

Mama Babba ta ajiye kofin kununta. "Ɗana, duk wannan kuka ɓacin rai ne kawai? Wa ya yaga mata riga?"

"Sun ɗan yi rigima ne, Mama."

Na dubi 'yata. Ba talabijin take kallo ba, ba saurayin take kallo ba. Ƙasa take kallo, tana murza bakin zanenta. Ta ji abin da yarinyar ta faɗa sarai, ta kuma ji abin da aka gaya mana, amma ba ta gyara ba. Daga nan na daina bin mai gatari, na koma bin bakin mai fassara. Duk inda 'yan matan suka taru suna magana da zafi, sai ya ce, "Suna shawara ne," ko "Tana faɗa ne kawai." Idan namiji ya yi magana, sai mu samu komai har da ƙari.

Wajen ƙarshe ba a buƙaci fassara sosai ba. 'Yan matan suka daina gudu. Suka kashe fitilu, suka zuba mai a matakala, tsohuwar kukun ta tsaya a bayan ƙofa da babban kaskon suya. Mama Babba ta miƙe tsaye, ɗankwalinta ya zame. "Ki ƙara masa! A gwiwa, 'yata, a gwiwa!" Da aka cire wa mugun gemun auduga sai ga ɗan manaja, uban kuma ya san komai tun farko. Ɗan sanda ya iso bayan an gama, yana ta tambayar wa ya ba su izini.

Ƙanena ya tashi ya kashe talabijin da kansa. "Wannan ba fim ɗinmu ba ne. An saye shi. Wasu ne suka zauna suka biya kuɗi don a koya wa mata raina maza. Ku duba fa, namiji ɗaya na kirki babu a ciki."

"A naku na da, mace ɗaya mai hankali akwai?" in ji Mama Babba.

"Ke ma ai na ga yadda kike tsalle. Allah ya ji ƙan mijinki, ya huta."

"Da ƙafarsa ya je asibiti, ba da kasko ba. Kai dai ka ji tsoron taka matar."

"Daga yau kaskon gidana a cikin tifa zai kwana."

Matata ta ce ita dai abin da ta gani shi ne tsohuwar ta iya riƙe kasko, da gani ta yi aikin kicin da gaske. Ƙanena ya juya kan 'yata ya tambaye ta wa ya ba ta fim ɗin, kuma me ya sa sai yau. Ta ce a asibiti kowa ya kalla. Sai ya juya kan saurayin, "Kai fa, ango? Ba ka ce komai ba." Yaron ya yi murmushi ya ce, "Fim ne kawai, Bappa."

Da baƙi suka watse na gaya wa matata abin da ya tsaya mini. Tana wanke tukunya, ba ta ɗago ba. "Kunya ce, Baban yara. Kun ɗauki mai neman aure kun sa shi ya faɗi irin wannan magana a gaban uwar yarinya. Kai lokacin da kake nemana a Kona, ko ruwa ba ka iya sha a gaban babata." Gaskiya ta faɗa. A wurinmu suruki ba ya ci a gaban surukarsa, balle ya ambaci abin da aka yi wa mace a ɗaki. Kuskurenmu ne da muka ja masa kujera. Amma kunya tana rage magana ne, ban san ta da ƙara wa manaja baki ba.

Washegari na aika wa saurayin cewa ina da ƙofar da zan haɗa a rumfata ta Sintali, yaran aiki sun tafi biki, ina son mai riƙe mini. Ya zo da farar riga, ya naɗe hannu, ya riƙe katako da kyau. Babu mace ko ɗaya a wurin, sai mai gyaran babur can gefe yana jin rediyo. Na bari muka yi nisa da aiki, sannan na ce, "Jiya surutun Bappa ya hana ni ji. Me yarinyar nan ta gaya wa manaja?"

Ya ajiye idonsa a kan katako ya gaya mini. Bai rage komai ba. Ɗan manajan ya bi ta ɗakin ajiya, ya kulle ƙofa, ta ce a'a, ya shaƙe ta. Ba ita ce ta farko ba, ta ambaci wasu. Manajan kuma abin da ya ce kawai shi ne ta fita, ba wanda zai yarda da ita. Na tambaye shi ina ya samo maganar haƙuri da biki da baƙi. Ya ce, "Na ga kamar abin da mutum zai faɗa ke nan, Baba. Na gyara masa ne kaɗan saboda Mama."

Na ji sanyi a raina, na ce lallai matata ta fi ni gani. Na ɗauki ƙusa zan buga, sai ya ƙara da kansa, ba tare da na tambaya ba.

"Amma ni a ganina, Baba, da ta yi shiru ta bar aikin, da ba a kashe kowa ba. Wani abin idan ya faru, rufe shi ya fi."

Ya faɗe shi a natse, kamar mai ba da shawara mai kyau. Na sha jin irin wannan daga bakin mutanen kirki, har da dattawan coci, har da mata. Muka gama ƙofar, na saya masa lemo, ya durƙusa ya yi sallama.

Da yamma na samu 'yata tana guga kayan aikinta a baranda. Na zauna a kan turmi na gaya mata duk yadda muka yi, na farkon da na ƙarshen, ban ɗora nawa a kai ba. Ta ci gaba da guga har ta gama riga ɗaya.

"Muryarki ta warke?" na ce.

"Ta warke, Baba."

"Da gangan kika sa shi ya yi fassarar?"

Ta ɗauko wata riga ta shimfiɗa. Ta ce a asibiti ana kawo musu yara mata da aka yi wa irin wannan, wani lokaci uwa ce take kawowa a ɓoye, kuma abin da ake fara roƙon nas shi ne kada a rubuta. Ta ce ta taɓa ba saurayin labarin wata, sai ya ce aikin nan yana sa ta ɗaukar abin da ba nata ba, idan an yi aure za a nema mata wani wurin. Ta ɗauka wasa yake yi.

"To yanzu me zan gaya wa mutanensa?"

"Kada ka ce a'a. Ina son sa, Baba. Ka ce su jira. Ina so in yi magana da shi tukuna, ni da shi, ba ta bakin kowa ba."

Kafin sabuwar shekara manyansa suka zo su uku, da manyan riguna da kwalin lemo. Bayan addu'a na ce musu mun gode, ba mu ƙi ɗansu ba, amma ba za a sa rana yanzu ba, sai bayan Ista mu sake zama. Babban cikinsu, tsohon malamin makaranta, ya cire tabarau ya dube ni. Ya tambaya ko wani ya kawo sukar yaron. Na ce babu. Ko wani ne ya fito mai abin hannu? Na ce babu. Ko maganar kaya ce? Na ce ba ita ba ce.

"Mun ji an ce an kalli wani fim a gidan nan," in ji shi.

Na gane bakin ƙanena ya riga ni zuwa gari. Na ce an kalla. Suka dubi juna, suka sha ruwa, suka ce Allah ya kai mu Ista. Na raka su har bakin titi, ina jin suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Da na dawo na tarar 'yata ta sa takalmi, wayarta a hannu. Ta ce saurayin ya kira, yana jiran ta a harabar coci, kuma kada a ajiye mata abinci don maganar za ta yi tsawo.