Cediyar Inna

Kada wanda ya sake ce mini in yi haƙuri. Duk mai faɗin haka bai taɓa ɗaukar bokitin ruwa da bazara don itace ba.

Cediyar da ke ƙofar gidanmu a Jibiya, Inna ce ta zo da ita daga gidan mahaifinta a Maraɗi, reshe ɗaya tsawon sanda, ta naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce in dasa. Na haƙa rami, na zuba taki, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Gara ta tasar masa, na bi ta da toka. Safe da yamma ina ba shi ruwa, har matata tana cewa ko ita ba ta samun wannan kulawar. Inna ta rasu yana da ganye kamar ashirin. Ya girma, ya sako saiwoyi daga sama kamar gemun tsoho, na fito da keken ɗinkina na kafa a ƙarƙashinsa.

Sai ga maƙwabcina, mai sayar da fetur a jarka ga 'yan babur masu tsallaka iyaka. Da farko jarka biyu ya ajiye a inuwar cediyar, wai kada rana ta kumbura su. Na ƙyale shi. Kafin wata ya ƙare sun zama goma, ga benci, ga mazurari, ga samari suna juye baƙin mai a gindin itacen kamar bola. Kayan mutane da nake ɗinkawa duk warin fetur.

Na ce masa, “Malam, wannan man zai kashe mini itace.”

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, “Haba tela, cediya ce fa. Wa ya taɓa ganin gawar cediya?”

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Dattijon ya gama saurarona ya ce itace nawa ne, amma inuwa ta Allah ce, wanda ya dasa ladarsa yake ci. Wai ko jami'an kan iyaka ba sa tsayar da inuwa su tambaye ta takarda. Aka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba, wallahi.

Ganye ya fara yin rawaya ta gefen jarkokin. Ranar da na ga wani ya kafa ƙusa a jikin itacen ya rataye tiyo, farin ruwan nan yana gangarowa, idona ya rufe. Na ɗauko gatari na hau, na sassare duk reshen da ya leƙa wajen maƙwabcin. Na ce to, ga rana nan, ya sha. Haushin kaza huce kan dami. Ina sara ina huci, shi kuwa yana tsaye ya harɗe hannu.

Da na sauko ya ce, “Waɗannan rassan, kana so?”

Na ce, “Kwashe tsiyarka.”

Ya kwashe. Ya zaɓi huɗu masu kauri ya kafa a ƙofar gidansa, ya ɗora buhuna, ya yi rumfa. Farkon damina ne. Ni da na dasa cediya da hannuna, ni da na san ko turken akuya ka yi da ita sai ta tsiro, ban tuna ba sai da na ga koren toho a jikin dirkokin rumfarsa. Duka huɗun suka kama. Bai taɓa ba su ko moɗa ɗaya ta ruwa ba. Jarkokinsa kuwa ya koma ɗora su a kan tabarmar roba, don yanzu itacen nasa ne, mugun.

Tawa ba ta tashi ba. Mai ya riga ya cinye saiwar, ni kuma na ƙarasa ta da gatari. Na kwashe ƙasar gindin na zuba sabuwa, na shafe raunukan da laka, na yi ta ɗura ruwa kamar mahaukaci. Kafin wata daminar ɓawon ya sale, gara ta shige abinta.

Yanzu a zaure nake ɗinki, cikin zafi. In na ɗaga kai ina hango su, cediya huɗu reras, jikokin gidan kakana na Maraɗi, 'yan babur na kwance a ƙarƙashinsu suna shan shayi. Duk sanda na wuce sai maƙwabcin ya ɗaga murya don kowa ya ji.

“Tela, shigo inuwa mana! Ai taka ce.”

Sai in wuce abina. Matata ta ce reshe ɗaya kawai zan roƙa, zai ba ni, har da dariyarsa. Na san zai ba ni, abin da ke ci mini rai ke nan. Ramin yana nan na haƙa tun bara, kusa da kututturen, na zuba taki, na tara ƙaya. Damina ta zo ta cika shi da ruwa, ta wuce.