Gurgun Marini na Gindin Dala

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida a Bichi, ni da jikata, littafin nan yana ƙulle a bakin zanena. Ni ke faɗa, ita ke rubuta muku, domin ban taɓa zama a aji ba. Amma in dai labari ne, ku tambayi unguwarmu wa ake taruwa a ƙofar ɗakinta.

Ga abin da ya tashe ni. An ba yarinyar nan wani littafi a makarantar horon malamai, aka ce ta nazarci mutanen ciki da yadda aka ƙulla zancen. Sai ta riƙa karanta mini bayan la'asar. Labarin zamanin fatake ne: an tsinci gawar wani mai fataucin goro a ramin rini a gindin Dala, ana neman wanda ya kashe shi. Ina jin daɗi, har ranar da dogarai suka kama wani gurgun marini. Jama'a, kakana marini ne, gurgu ne, a gindin Dala ya rayu ya mutu. Kuma littafin bai fara da "ga ta nan ga ta nanku" ba, balle in ce tatsuniya ce. Ya ambaci ƙofofi da unguwanni da sunayensu. A wurinmu abin da aka faro haka, gaskiya ake nufi. Na ƙwace shi a tsakiya, na ce ba mai ƙara buɗe shi sai na ga wadda ta rubuta ido da ido.

Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, ga direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, wata mai kaji tana kan cinyata rabi. Hanya dai lafiya lau, gero ya yi kai hagu da dama. A kasuwar Dawanau manyan motoci suka tsare mu, ƙamshin citta da barkono ya sa duk motar atishawa.

Daga Ƙofar Dawanau muka hau adaidaita. Rabona da cikin birni tun rasuwar yayata. Badalar da muke hawa muna yara ta zaizaye, wani wurin ma shaguna ne. Muka ratsa Gwammaja, na sa aka tsaya na sayi gurasa da ƙuli, don ba a zuwa faɗa da yunwa. Gurasar ta ƙanƙance, amma ɗanɗanon yana nan, Allah ya yi wa matan birni albarka. A gindin Dala na nemi marinar kakana. An cike ramukan, an yi wurin wankin babura. Na tsaya na yi masa addu'a, masu wanki suna kallona.

Malamin jikata ne ya yi mana kwatancen gidan marubuciyar, can wajen Ƙofar Kabuga. Na zaci zan ga wata mai ɗaga hanci. Sai ga mace mai kamar shekarun 'yata ta fari, ta durƙusa har ƙasa, ta kawo fura mai sanyi. Ban sha ba.

Na ce, "Malama, me kakana ya yi miki kika ɗora masa jini?"

Da ta gane zancen, sai ta riƙe baki. Ta ce, "Hajiya, kisan nan ni na ƙaga shi, ba a taɓa yi ba. Amma tsofaffin gindin Dala sun ba ni labarin wani gurgun marini da ba a taɓa jin kayan wani sun ɓata a hannunsa ba. Shi na ara."

"Kika ari ƙafar mutum ba ki yi wa jikokinsa sallama ba?"

Ta ce ta yi kuskure, in yafe mata. Sannan ta tambaya, "A ina kuka tsaya?"

Jikata ta yi caraf ta ce, "Inda aka kama shi. Nan ta ƙwace."

Matar nan ta roƙe ni in kwance littafin. Ta zauna a tabarma kusa da ƙafata, ta karanta mini sauran da bakinta, muka tashi muka yi azahar muka dawo. Ashe irin wannan littafi haka ake gina shi: wanda aka fara nuna maka da yatsa, ba shi ba ne. Ana kai hankalinka gabas ne, ɓarawo yana yamma. Gurgun nan, yana ɗaure, shi ya lura da cewa shuɗin da ke hannun rigar mamacin ba na raminsa ba ne, daga nan zaren ya warware. A ƙarshe alƙali ya miƙe tsaye ya nemi gafararsa a gaban jama'a. Da ta zo wurin, na ja mayafi na rufe fuska. Kakana ya mutu ba wanda ya san shi bayan Dala, yau ga yara a makarantu suna rubuta jarrabawa a kan amanarsa.

Na shanye furar, na nemi ƙari.

Mun iso Bichi ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura, zuciyata wasai. Na gode wa Allah da ya kai ni da raina, na gode wa baiwar Allah nan da ba ta raina tsufana ba. Abin da na koyo, ba a yanke wa labari hukunci daga tsakiyarsa, kuma ɓoye mai laifi har ƙarshe gwaninta ce da ban sani ba, ni da nake taƙama da baki.

Maƙwabta sun cika ɗakina suna tambaya, to wa ya kashe mai goron? Na ce su kawo tabarma gobe bayan la'asar. Daga farko za mu faro, kuma duk wadda ta tashi a tsakiya, ba mai gaya mata.