Shamuwar da Muka Rataya wa Inna

Innarmu ba ta taɓa yarda da maganar ruwan sama daga bakin rediyo ba. Ita shamuwa take jira. Bayan gidanmu, can wajen Tsamaye, akwai wani tsohon gawo, kuma tun tana amarya tsuntsayen nan masu baƙin baya da farin ƙirji suke sauka a kansa in damina ta matso. Gawo kuwa itace ne mai taurin kai, lokacin da kowa ke fitar da ganye shi yake zubar da nasa, don haka babu abin da ke ɓoye su. Inna takan shimfiɗa tabarma da safe ta yi ta kallonsu har kununta ya huce. Ta sha gaya mana, "Ran da baƙin ga sunka bar zuwa, ku gina mini kushewa, zamana ya ƙare." Mu kuwa mun san halinta. Matar da ta ce ta bar goro da hantsi, kuma ba ta sake taɓa shi ba har yau, ba a ɗaukar maganarta da wasa.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani, a daidai shekarun da shamuwa ke raguwa. Tafkin gabas ya koma filin ƙwallo, manyan itatuwa sun shiga buhun gawayi, farar da suke ci kuma feshi ya gama da ita. Wata shekara hadari ya taso, aka yi shuka, gawo na nan wayam. Inna ta rage cin tuwo. Ta raba zannuwanta ga jikoki, har ta fara yafe wa mutanen da ba su nemi gafara ba. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ran nan aka yi iska mai ƙarfi. Da safe muka ji muryarta a bayan gida: "Maraba, maraba! Kun yi latti bana, mi yat tsai da ku?" Ni da yayana muka fito a guje muka ɗaga kai. Baƙaƙen ledoji ne iska ta kwaso daga bola ta maƙala a ƙayar gawo. Yaya, wanda sana'arsa ke nan, sayar da leda a kasuwar Bafarawa, ya gane hajarsa tun daga nesa. Ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. A ranar Inna ta cinye tuwonta, ta aika a karɓo mata zane ɗaya daga cikin waɗanda ta bayar.

Daga nan Yaya ya zama mai kula da shige da ficen shamuwa. In ya ga gabas ta fara duhu, sai ya jira Inna ta kwanta bayan azahar, ya hau gawo da damin leda a baki, ni ina riƙe da tsani, mu biyu da gemu da iyali. In an yi girbi ya hau ya sauke su, Inna ta yi musu addu'ar sauka lafiya. Mutum ne da ba ya aiki rabi. Da ta ce ba ta hango farin ƙirjinsu, ya liƙa wa kowace farar leda a gaba. Da ta yaba cewa baƙin bana suna da tarbiyya, ba sa ɓata ƙasa da kashi, abin ya tsaya masa a rai, ya dama toka ya yayyafa a gindin itacen. Washegari ta yi ta faɗa da su kan ƙazanta, shi kuwa yana ta murmushi kamar an ba shi sarauta.

Gari duk ya sani. Mata kan shigo su yi mata barka da baƙi, su fita suna toshe baki. Wani tsoho maƙwabcinmu, wanda shi ma idonsa sai a hankali, ya rantse ya ga ɗaya tana ciyar da 'ya'yanta. Har wata shekara Yaya ya makara a fatauci ta wajen Nijar, aka yi ruwa sau biyu Inna ta hana a taɓa irinta, wai ruwan ƙarya ne tun da baƙi ba su iso ba.

Sai likitocin ido suka zo garin Isa suna aiki kyauta, ƙanwarmu kuma ta kai ta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Tsakiyar damina ce. Yaya ya zo mini a ruɗe: in mun sauke, za ta ga gawo babu kowa, in mun bari, za ta ga abin da ke kai. Ya kawo shawarar mu ɗaure zabi a sama. Muka gwada da ɗaya, ta tara mana unguwa da kuka, ta kuma yage masa kunne. Muna cikin haka aka dawo da Inna a kan babur.

Ranar da aka cire mata auduga, ba ta nemi ganin jikoki ba, bayan gida ta nufa. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Iska na kaɗa ledojin, ɗaya ma da hoton shinkafa a ƙirji. Ni dai ina kallon ƙafafunta, ina jiran su saki.

"Tun yaushe?" ta ce.

Yaya ya faɗa mata.

"Kai ka hawa?"

"Ni ne, Inna."

"Da wanga tumbi naka?" Ta kalli itacen, ta kalli gonaki, inda leda ta yi baƙi a kowace kunya har iyakar sabon ganinta. Hawaye ya zubo ta idon da aka ce kada ruwa ya taɓa shi. "Ashe haka kunka mai da garin ina zaune. Hau ka sauke su dut. Wa za ya sauka inda yat tarar da an cika mishi wuri da shara?"

Ya hau. Da ya sauko, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, zancen kushewar nan fa?"

Ta harare ni. "In mutu in bar ma wa? Ku? Ba ni zuwa ko'ina sai sun komo."

Yanzu kullum da safe tana fita da sanda mai ƙusa a baki, tana tsince leda daga ƙofar gida har bakin tsohon tafki, ta tara a buhu ta ajiye wa Yaya a ƙofar ɗakinsa. Ta dasa gawo ƙanana a bayan gida, ta kewaye su da ƙaya saboda awaki. In ta gama ta shimfiɗa tabarma ta ɗaga kai. Shamuwa ba ta zo ba bara, bana ma ba ta zo ba. Ni da na yi shekaru ina fargabar ranar da za su daina zuwa, yanzu in hadari ya taso ban san abin da zan roƙa ba.