Damin da Ya Kwana a Ƙofar Gida

Tun da mahaifinmu ya rasu, gonarsa ta hanyar Ɗansoshiya take hannun Yayana. Mu biyu kaɗai ya bari, ni da shi, kuma ba wanda ya ta da maganar rabo. A garinmu haka ake yi: namiji ya riƙe ƙasa, da kaka ya ɗaure damin dawa ya aika wa 'yar'uwarsa gidan mijinta, ita kuma ta yi godiya. Na yi shekaru ina godiya. Har guɗa nake yi idan jakin da ya ɗauko damin ya tsaya a ƙofa, don maƙwabta su san ina da gata.

Sai da mijina ya rasu ya bar ni da yara na gane dami ba gona ba ne. Kafin rani ya raba, an cinye shi.

A makarantar matan aure da muke zuwa bayan la'asar abin ya faro. Wata rana Malama tana karanta mana rabon gado, ta zo inda aka ce mace tana da rabin abin da namiji ya samu, sai wata tsohuwa da ke can baya ta ce, "To Malama, ni rabin nawa ina ya shiga?" Muka bushe da dariya. Da dariyar ta lafa, kowa ta sunkuyar da kai, don kusan dukkanmu 'yan dami ne.

Tsohuwar nan ta taɓa kai ƙara wurin mai unguwa. Tambaya ɗaya dattawa suka yi mata, ko tana karɓar dami. Ta ce tana karɓa. Suka ce to ai ta yarda ke nan, ta tashi ta tafi. Daga nan muka ɗauko dokarmu, ba mu da wata bayanta: wadda take son gonarta, kada ta karɓi dami. Sauran mata kuma kowa ta ɗebo daga tukunyarta ta riƙe ta. Ba mu da ofis, ba mu da suna. Mazan majalisa ne suka laƙaba mana 'yan ƙin dami, muka ce mun ji mun karɓa.

Ni na fara, don ni ce mai baki, kuma ni yunwa ta fi matsa wa. Da aka kawo damin, na ce a mayar. Yaya ya sa aka dawo da shi aka jingina a bangon zaurena. Ya biyo baya da kansa, ya tsaya daga waje.

"Ke, ni za ki tona wa asiri a gari? Me na rage ki da shi?"

Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, na ce, "Yaya, ba ka rage ni da komai ba. Gonata nake so in noma."

Ya juya bai amsa gaisuwar ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin shi ya goye ni lokacin da mahaifiyarmu take jinya.

Damin ya kwana a nan, ya sake kwana. Kaji suka samu biki, awaki suka ja zangarniya har bakin hanya. Duk wanda zai wuce masallaci sai ya kauce, ya yi salati, don a wurinmu hatsi a ƙasa abin kunya ne ga gari duka. Ni ma ina gani zuciyata tana ƙuna, ga yara suna leƙe. Mata kuwa suna shigowa ta ƙofar baya, wannan da garin masara a kwano, waccan da kuka da daddawa. Sau da yawa na miƙe zan jawo shi ciki, tsohuwar nan ta ce, "Zauna. In kin taɓa shi, mu duka kika kayar."

Liman ne ya kasa jurewa. Ya kira mai unguwa da Yaya, suka taka gonar da igiya, aka fitar mini da nawa ta ɓangaren tsamiya, aka dasa gamba a kan iyaka. Bayana wasu mata sun samu, wasu har gobe suna jira, wasu sun koma karɓar dami, kuma ban ga laifinsu ba. Amma Yaya ya daina shigowa gidana. Muna noma kafaɗa da kafaɗa, gamba ce kawai a tsakaninmu, ko sannu ba ta haɗa mu.

Da kaka ta zo, na zaɓi dawar da ta fi ido, na ɗaure dami da hannuna, na sa aka jingina masa a ƙofar gida. Na tsaya daga gindin bishiya ina kallo, sai a ranar na ɗanɗana abin da na ɗanɗana masa. Azahar ta wuce, damin yana nan. Kaji suka fara zagaye.

Da ya fito sallar la'asar ya tsaya a kansa ya daɗe. Sannan ya kore kajin da gefen rigarsa, ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa, ya shige ciki. Bai dube ni ba, amma ya san ina wurin.