Ɓawon Lemo a Akwatin Baba

Mahaifina, Malam Mukhtari, ya shekara talatin yana tuƙa mota a Riyad, kuma duk wanda ya san shi a unguwarmu ta Manfuha da sitiyari ya san shi. Kaɗan ne suka san cewa kafin sitiyari kilarinet ya riƙe, wato doguwar baƙar sarewar nan ta Turawa mai maɓallan azurfa. Ni 'yarsa Hajar ina cikin waɗanda suka sani, kuma na daɗe ina jin kunyar abin.

A Kaduna ya koya, cikin 'yan badujalar soja, yana ɗan shekara goma sha tara. Da safe ya busa abin da aka rubuta a takarda ba ƙari ba ragi, irin kiɗan da Turawa ke saurara suna zaune tsit kamar a gaban alƙali. Ranar Asabar kuma ya tafi wani otal ya busa jaz, inda babu takarda, abin da ya zo zuciya shi ke fita. Masu takarda su ce ya cika wasa, 'yan jaz su ce ya cika ƙa'ida. Da ya gaji da surutunsu sai ya fara rubuta nasa: ya soma a natse bisa layi, idan ya kai tsakiya ya saki linzami.

Kiɗa bai ciyar da shi ba. Ya bar soja, ya samu kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, a unguwar Nasiriya ta Riyad, ya zo tuƙi, daga baya ya ɗauko mahaifiyata. A nan aka haife ni. A shekarun nan ba a busa a fili, don haka ranar Juma'a bayan la'asar yakan fita da mu bayan gari, ya juya wa titi baya, ya busa wa rairayi har magariba.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Iskar Riyad busasshiya ce, tana tsaga itacen kilarinet. Saboda haka kullum akwai ɗanyen ɓawon lemo a cikin akwatin, yana ba itacen laima. Mu sha lemo, shi ya tattara ɓawo. Mama takan tsokane shi ta ce, “Da ni kake lallaɓawa haka, Malam, da ban tsufa ba.”

Da aka sa ranar aurena da Maulud, ɗan wani babban ma'aikaci ne da ke zaune a unguwar Badi'a, gari ya riga ya canza, ana kiɗa ba ɓoyo. Baba ya kira ni yana murna kamar yaro ranar salla.

“Na rubuta miki wani abu, ya binti. Wata takwas ina kansa. A wajen walimar maza zan busa.”

Na ce, “To, Baba.” Amma a raina ban so ba. Na gaya wa dangin Maulud mahaifina tsohon soja ne, ban ce komai game da busa ba. Na san bakin mutanenmu. Kafin a wanke farantan walima an raɗa mini suna 'yar maroƙi.

Ana gobe ɗaurin aure, yana masallaci sallar azahar, na ɗauki akwatin na hau rufin bene na tura shi bayan tankin ruwa. Watan Yuli ne, siminti yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Na san da zafin, ba zan ce ban sani ba.

Washegari da safe na ji shi yana buɗe sif, yana jan gado. Ya leƙo ɗakin da ake mini kwalliya ya ce, “Hajar, ko kin ga akwatina?”

“Wallahi ban gani ba, Baba.”

Da rantsuwa na faɗa, ranar aurena. Aka yi walima lafiya, kowa ya yabi tsohon soja mai natsuwa.

Bayan kwana bakwai na zo gaisuwa, na lallaɓa na sauko da akwatin, na ɗora a saman sif. Da ya buɗe, ɓawon ya zama kamar ƙirgi, itacen kuma ya tsage tun daga sama har ramin yatsa na uku. Ya shafa tsagar ya ce, “Laifina ne, na bar ta ba sabon ɓawo.” Ina tsaye, na bar shi ya ɗauki laifin.

An kai gyara, amma muryarta ba ta dawo ba. Daga baya na sayo masa ta roba, ya yi godiya ya ajiye. Kafin a yi shekara biyu haƙoransa na gaba suka zube, numfashi ma ya ragu, busa ta ƙare ke nan. Abin takaicin, da Maulud ya ji labarin sana'ar Baba, cewa ya yi, “Kai! Me ya sa bai busa mana a bikinmu ba?”

Shekara bakwai abin yana cina. A watan jiya na same shi a tabarma da hantsi yana ɓare lemo, na durƙusa.

“Baba, ni na ɓoye kilarinet ɗinka. A rufi, bayan tanki. Ka yafe mini.”

Bai ɗago ba. “Na sani. Na hau rufin da safen ranar aurenki, na gan ta.”

“Ka gan ta? To me ya sa ba ka sauko da ita ba?”

“Ke kika kai ta can, da hankalinki. Na gane ba kya so. Idan na sauko da ita, na tona miki asiri ranar aurenki. Halas, shi ke nan, sai na bar ta.”

“Ka san za ta tsage?”

“Na fi ki sani.”

Ya miƙo mini rabin lemon, ya tattara ɓawon a gefe ɗaya kamar yadda ya saba. Na karɓa, na sa a baki.